Wai da gaske kifin wel hari yake kai wa masu jirgin ruwa?

A watan Fabrairun 2025 wani bidiyo ya zagaya duniya, da wuya a ce mai riƙe da waya bai ci karo da shi ba. Wani saurayi ne yana tuƙa ɗan kwale-kwalensa mai ruwan ɗorawa a mashigin Majelan can kudancin ƙasar Chile, babansa na gefe a nasa kwale-kwalen kyamara na ɗauka, ruwa na ɗan motsi kawai babu wata alama, sai ga wani baƙin abu ya ɓullo daga ƙasa ya rufe yaron da kwale-kwalen gaba ɗaya ya koma. Daƙiƙa biyu zuwa uku ba ka ganin komai sai kumfa. Can sai ga shi ya taso, rigar kariyar da ke jikinsa ta ɗago shi, kana jiyo uban yana ta ce masa ya nutsu ya nutsu, ya kama kwale-kwale. Ko ƙwarzane bai samu ba. Daga baya ya ce ya ji wani abu mai yauƙi ya shafi fuskarsa, ya ɗauka shi kenan tasa ta ƙare.

Washegari ko'ina ka duba sai "kifi ya haɗiye mutum ya amayo shi", mu kuma da mun ji haka tunaninmu Annabi Yunusa yake zuwa, to wancan mu'ujiza ce, a ajiye ta a matsayinta. Wannan na Chile bai haɗiye kowa ba, ba ma zai iya ba. Nau'in wel ne mai tozo, tsawonsa kan kai mita 15, nauyi tan 30 har 40, bakinsa ya isa mutum ya shiga da kwale-kwalensa, amma maƙogwaronsa in yana zaune ƙalau bai fi dunƙulen hannu ba, in ya buɗe iya buɗewa ma bai kai rabin mita ba. Ba shi da haƙori ko ɗaya. Abin da ke bakinsa wasu jerin faranti ne masu gashi-gashi kamar tsintsiya, irin sinadarin farcenmu ne, da su yake tace abinci. Yadda yake ci shi ne ya hango cincirindon ƙananan kifaye ko ƙananan jatan lande a sama, ya zo daga ƙasa da gudu baki a wangale, fatar wuyansa ta kumbura kamar buhu ta kwashi tan-tan na ruwa, ya rufe, ya tura ruwan waje da harshe abincin ya maƙale. To duk abin da ke kan hanyar a wannan lokacin ya shiga, tsuntsu ne, katako ne, ko mutum. Da ya ji abin da ba nasa ba sai ya buɗe ya saki. Haka ya faru da wani mai nutso a gaɓar Masacusets ta Amurka a watan Yunin 2021, shi ma ya fito da ransa da ɗan targaɗe.

Abin da nake son in ce a nan gaba ɗaya shi ne kalmar "hari" da muke liƙa wa waɗannan haɗuwa yawanci ƙarya take yi wa dabbar, kuma ba dabbar kawai take cuta ba, har da mai jirgin, don wanda ya ɗauka maƙiyi ne a gabansa zai shirya wa faɗa, alhali abin da ya kamata ya shirya wa shi ne ƙaton abu mai nauyin babbar mota da bai ma san yana wurin ba.

Mu fara da cewa wel ba kifi ba ne, sunan ne kawai ya bi shi. Huhu gare shi, iska yake shaƙa, haihuwa yake yana shayarwa. Wannan shi ne tushen matsalar duka, don dole ya taso sama ya yi numfashi, saman ruwan nan kuwa nan jirage suke. Kifi na gaske yana iya ƙare rayuwarsa bai taɓa haɗa hanya da jirgi ba, wel kam a mita goma na sama yake numfashi, nan yake hutawa, nan uwa ke shayar da jariri, sau da yawa nan yake kiwo.

Sannan mutane na ɗauka duk wel yana "gani" da sauti. A'a. Masu haƙori ne ke da wannan baiwar, dolfin da orka (babban ɗan uwan dolfin, baƙi da fari) da wel mai ƙaton kai, su ne ke aika ƙara ta bugi abu ta dawo su gane girmansa da nisansa. Masu tsintsiya a baki irin mai tozo da shuɗin wel ba su da ita. Idanunsu kuma a gefen kai suke, abin da ke saitin hancinsu ba su ganinsa sosai, balle lokacin da baki ke buɗe ga kumfa ga ruwa ya gurɓace. Ɗan kwale-kwalen da babu inji kuwa shiru yake, ko ƙara ba ya yi. Kaga abin da masu kwale-kwale ke taƙama da shi, wai su ba sa damun dabba da hayaniya, shi ne ke sa dabbar ta kasa sanin suna nan.

A watan Yulin 2024 a gaɓar Niyu Hamsha a Amurka an ɗauki wani mai tozo ya taso ya faɗa kan bayan wani jirgin masu kamun kifi mai tsawon mita bakwai, jirgin ya kife, mutum biyu suka zube a ruwa wasu yara 'yan gida ɗaya da ke kusa suka tsamo su. In ka kalli bidiyon da kyau za ka ga jirage ne birjik a wurin, me ya tara su? Kifi. Me ya kawo wel ɗin? Kifin nan dai. Kowa ya zo neman abu guda a wuri guda, ɗaya ya fi ɗaya nauyi nesa ba kusa ba, shi kenan labarin.

Akwai kuma tsalle. Wel kan fito da kusan duk jikinsa waje ya faɗo da baya ko da gefe, masana na ganin wata hanya ce ta aika saƙo nesa, don ƙarar faɗuwar na tafiya sosai a ruwa, wasu lokutan kuma kakkaɓe ƙwarin jiki ne ko wasa, musamman ƙanana. A 2010 kusa da birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu wani ya yi irin wannan tsallen ya sauka kan wani jirgin shaƙatawa, ya karya dogon sandan da ke riƙe da zanen iska, mutum biyun da ke ciki Allah ya tsare. Amma ba kullum ake sa'a ba, ƙarshen Satumban 2023 kusa da Sidni a Ostireliya wel ya bugi wani ƙaramin jirgi da sassafe, mutum ɗaya ya rasu. Don haka in na ce ba hari ba ne kada wani ya fahimci cewa babu haɗari, haɗarin na nan daram, niyyar ce babu.

Wani abin kuma barci. Wel kan kwanta a saman ruwa ba motsi kamar gungumen itace, da dare ko cikin hazo ba za ka gan shi ba sai ka hau. Masu ƙaton kai ma a tsaye suke barci, kai sama wutsiya ƙasa, wasu masu bincike a gaɓar Chile sun taɓa kashe inji ruwa ya ja jirginsu har tsakiyar wani garke da ke irin wannan barcin, babu wanda ya motsa sai da jirgin ya gogi ɗaya sannan duk suka watse. Jirgin da iska ke turawa shi ya fi afka wa wannan, tunda ba ya ƙara. Ma'auratan nan 'yan Ingila, Maurice da Maralyn Bailey, a watan Maris na 1973 suna hanyar tsibiran Galafagos daga Fanama wel ya huda musu jirgi ya nutse, suka yi kwana 117 a kan ɗan kwale-kwalen roba suna cin ɗanyen kunkuru da tsuntsaye da ruwan sama kafin wani jirgin kamun kifi na Koriya ta Kudu ya tsince su.

To babu ke nan inda wel ya taɓa auna jirgi da gangan? Akwai. Wanda ya fi shahara shi ne jirgin Essex na mafarautan wel daga tsibirin Nantaket na Amurka, ranar 20 ga Nuwamba 1820 a tsakiyar tekun Fasifik wani namijin mai ƙaton kai ya daki jirgin sau biyu har ya nutse, mutum 20 suka rarrabu a ƙananan kwale-kwale uku, takwas ne suka rayu, sai da ta kai suna cin naman 'yan uwansu da suka mutu. Amma duba me suke yi a wannan safiyar, garken wel ɗin suke bi suna suka da mashi. Haka labarin wel mai ruwan toka a gaɓar Baha Kalifoniya ta Meziko, wanda mafarautan shekarun 1850 suka sa wa suna "kifin shaiɗan" don yana farfasa musu kwale-kwale. Yaya ba zai farfasa ba, wurin nan ɗakin haihuwarsu ne, ana sukar jariri don a jawo uwa. Yanzu je ka tafkin San Ignasiyo a lokacin hunturu, jikokin waɗancan shaiɗanun su ne ke zuwa da kansu su jingina da kwale-kwale, uwa ta turo ɗanta sama mutane su shafa kansa. Ana danganta farkon abin da wani masunci, Pachico Mayoral, wanda a 1972 wata ta zo ta tsaya a gefen kwale-kwalensa ta ƙi tafiya har ya yi ta maza ya miƙa hannu ya taɓa ta. Dabba ɗaya, ruwa ɗaya, abin da mutane ke zuwa da shi a hannu ne ya canza.

Me ya sa yanzu labaran suka yi yawa haka? Na farko sun dawo. A ƙarni na 20 kaɗai an kashe wel kusan miliyan uku, sai a 1982 hukumar kula da farautar wel ta duniya ta amince da dakatar da farautar kasuwanci, aka fara aiki da ita a 1986. Masu tozo da ke haihuwa a gaɓar Brazil sun taɓa raguwa zuwa 'yan ɗaruruwa a shekarun 1950, yanzu ana lissafin sun kai kusan 25,000. Na biyu mu ma mun ƙaru a kan ruwa, jiragen dakon kaya, na shaƙatawa, na yawon buɗe ido, tun a 2008 an ƙiyasta mutum miliyan 13 ne suka biya kuɗi don zuwa kallon wel a ƙasashe da yankuna 119. Na uku kuwa waya. Abin da a da masunci zai gani ya dawo gida ya ba da labari a ce ya cika ƙari, yau kafin ya iso gaɓa duniya ta gani.

Yanzu bari mu zo kan wanda ya fi rikitarwa, wanda ni kaina na fi daɗewa ina juya shi, wato orka na gaɓar Sifaniya da Fotugal.

Orka dangin dolfin ne, shi ne babbansu, baƙi da fari, babban namiji kan kai tan biyar zuwa shida, yana da haƙora yana da wayo, garkensu kuma uwa ko kaka ce ke jagoranta. Tun watan Mayun 2020 wasu daga cikin waɗanda ke zaune a mashigin Jibralta suka tsiro da wani hali. In suka ga jirgi mai tafiya da iska, yawanci matsakaici wanda bai wuce mita 15 ba, sai su biyo shi ta baya su nufi abu ɗaya tak, allon nan da ke ƙarƙashin jirgi ta baya wanda sitiyari ke juyawa don canza akala. Waɗanda abin ya faru da su kusan labari ɗaya suke bayarwa. Kana riƙe da sitiyari sai ka ji an fizge shi daga hannunka yana juyawa da kansa da ƙarfin da zai iya karya maka yatsa, jirgi ya yi kwana ba kai ka sa shi ba, ka leƙa baya ka ga biyu ko uku suna karɓa-karɓa, wannan ya tura da kai wancan ya ciza, wani babba na gefe yana kallo kawai, kana jin hucin numfashinsu dab da kai. Wani lokaci minti goma, wani lokaci fiye da awa. Da allon ya karye galibi sai su rabu da jirgin, wasu ma an gan su suna yawo da ɓallin a ka. Zuwa tsakiyar 2024 an rubuta irin wannan haɗuwa sama da 600, jirage aƙalla biyar sun nutse don in allon ya ɓalle yakan bar rami ruwa ya shiga, ciki har da wani mai mita 15 da ya nutse kusa da gaɓar Maroko a watan Mayun 2024. Tun a Satumban 2020 Sifaniya ta taɓa hana ƙananan jiragen iska bin wani yanki na gaɓar Galisiya na ɗan lokaci saboda wannan.

Nan fa soshiyal midiya ta samu abin yi. Wai ramuwar gayya ce, wai wata uwa da ake kira Farar Giladis jirgi ya taɓa ji mata ciwo shi ne ta koya wa yara su rama, wasu har suna murna wai orka sun tashi yaƙi da masu kuɗi. Labarin akwai daɗi, ni ma da farko ya burge ni, amma in ka auna shi ba ya tsayuwa. Dabbar da ke iya kashe wel ɗin da ya fi ta girma, in nutsar da jirgi take so me zai sa ta tsaya wasa da allo, kuma a ɗaruruwan haɗuwa a ce 'yan ƙalilan ne suka nutse? Mutane sun sauka cikin kwale-kwalen ceto na roba a gabansu ba su kula su ba. Har yau babu rahoton orka na daji ya kashe mutum. A 2023 masana sama da 30 suka fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa suna roƙon a daina kiran abin ramuwa, sannan a watan Fabrairun 2024 gwamnatocin Sifaniya da Fotugal suka tara masana a Madrid, abin da suka fi karkata a kai shi ne wasa ne, yayi ne ya shigo, kuma yawancin masu yi matasa ne, kusan guda 15 aka gane. Suka ƙara da wani bayani da na ga ya zauna, cewa babban kifin tuna da su ke ci ya farfaɗo bayan an taƙaita kamunsa, abinci ya samu cikin sauƙi, yara sun ƙoshi ga lokaci ga babu aikin yi. Wanda ya san ƙiriniyar yaron da ya ƙoshi ya san sauran.

Kuma orka da yayi ba yau suka fara ba. A 1987 a ruwan Fujet Sawun na jihar Washintan wata mace ta fara yawo da mataccen kifin samon a kanta kamar hula, cikin 'yan makonni abin ya bazu har garkunan maƙwabta, daga baya kuma aka daina kamar ba a yi ba. Bambancin kawai hular kifi ba ta cutar da kowa, wannan kuwa tana iya barin iyali a tsakiyar teku cikin dare ba akala.

Shi ya sa ba na ganin laifin mai jirgin da ya ji haushi in an ce masa "ai wasa suke". Wasan mai tan biyar ba wasa ba ne a wurin wanda ake yi da shi. Sai dai sanin dalilin yana canza maganin. In wasa ne to ihu da duka da jefa musu abin fashewa, wanda wasu suka riƙa yi, yana iya ƙara wa wasan armashi ne ma, ga shi laifi ne a doka, don orka na wannan yanki ba su kai 50 ba a duniya kuma tun 2019 suna jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Da farko shawarar da ake bayarwa ita ce a tsayar da jirgi a saki sitiyari a yi shiru har su gaji, daga baya hukumomin Sifaniya suka koma cewa kada a tsaya, a tayar da inji a nufi ruwa mara zurfi kusa da gaɓa, a kuma kauce wa inda aka san suna kiwo a watannin da tuna ke wucewa. Wannan canjin shawara kaɗai ya isa ya nuna maka ana koyon abin ne ana cikin yinsa.

Duk wannan da na zayyano ɓangaren da mutum ke jin jiki ne, shi ne kuma ke samun 'yan kallo. Ɗaya ɓangaren da ya ninka shi nesa ba kusa ba ba ya shiga bidiyo. A watan Mayun 2024 wani ƙaton jirgin 'yan yawon shaƙatawa ya shigo tashar Niyu Yok da gawar wel mai tsawon mita 13 a sagale a hancinsa. Jirgi mai irin wannan girman yana iya kashe wel na ciki ba su ji ko girgiza ba, yawancin gawarwakin kuma nutsewa suke babu mai ƙirgawa.

Za ka ce to shi wel ɗin ba ya jin jirgi na zuwa ne, ga shi sauti a ruwa ya fi gudu sau huɗu da wani abu a kan iska? Yana ji, amma injin da farfela a baya suke, gangar jikin jirgin ta tare ƙarar, sai ya zama saitin gaban jirgi inda haɗarin yake nan ne ya fi shiru. A hanyar da jirage ke zirga-zirga kuma ƙara ta ko'ina take zuwa dare da rana har ta zama jiki. An liƙa wa shuɗin wel na'ura a gaɓar Kalifoniya an ga in jirgi ya matso ba ya kaucewa gefe, nutsewa yake a hankali abinsa, dabbar da ta fi kowace dabba girma a tarihin duniya ba ta saba da wani abu ya bi ta kanta ba. Don haka kaucewa ta koma wuyan mai jirgi, kuma abin da ya fi tasiri shi ne gudu. Binciken da aka yi kan tarin rahotannin karo ya nuna in babban jirgi na gudun kilomita 28 a awa, cikin karo goma kusan takwas kisa ne ko mummunan rauni, in ya sauko ƙasa da kilomita 22 sai ya koma ƙasa da rabi. Daga nan Amurka ta samo dokarta ta 2008, cewa jirgin da ya kai ƙafa 65 kada ya wuce kimanin kilomita 18 da rabi a awa a wasu yankunan gabashin ƙasar a wasu watanni, saboda wel ɗin da ake kira rayit na arewacin Atlantika wanda saura ƙasa da 400 ya rage. Wata dabarar ita ce matsar da hanyar kanta, an yi a mashigar Bostan a 2007, a kudancin Siri Lanka ma wani babban kamfanin dakon kaya ya matsar da hanyarsa kimanin kilomita 28 kudu a 2022 don kauce wa inda shuɗin wel ke kiwo. 'Yan mintuna ake ƙarawa a tafiyar makonni.

Ga ƙananan jirage kuwa maganar tazara ce, kowace ƙasa da nata awon. A Hawai da Alaska yadi 100 daga mai tozo, rayit kuwa yadi 500, jihar Washintan daga farkon 2025 ta mayar da tazarar orkan da ke zaune a ruwanta yadi 1,000. Ostireliya mita 100, Afirka ta Kudu mita 300 sai mai lasisi. Lambobin sun bambanta amma hikimar ɗaya ce, kada ka tare masa gaba, kada ka bi shi ta baya kamar mai kora, ka bi gefe a hankali, kada ka kuskura ka shiga tsakanin uwa da ɗa. In shi ya zo wurinka da kansa, wanda yana faruwa sosai, ka cire giya farfela ta tsaya ka bar injin na ƙara don ya san inda kake, ka jira ya wuce. Masu ruwa kuma sun san alamu, in ka ga tsuntsaye na ta faɗawa wuri guda, ƙananan kifi na tsalle kamar ruwa na tafasa, ko ka ga kumfa na tasowa a zagaye kamar zobe, to masu tozo ne a ƙasa suke kewaye abinci da kumfa kuma tsakiyar zoben nan za su fito baki buɗe, ba wurin tsayawa ɗaukar hoto ba ne. Wani lokaci ma hanci ne ke fara gaya maka, numfashin wel wari gare shi kamar ruɓaɓɓen kifi, in ka ji shi a hazo to ka rage gudu. In kuma ka tarar da wanda igiyar masunta ta naɗe kada tausayi ya sa ka shiga ruwa da wuƙa, hukuma ake kira, ko ƙwararru ba su tsira ba, Joe Howlett ɗan Kanada da ya daɗe yana wannan aikin a watan Yulin 2017 ya gama kwance wani rayit ke nan dabbar ta yi wani juyi ta buge shi ya rasu.

Sauran dabbobin ruwa ma haka abin yake, sai dai girman ya ragu. Dolfin na son hawa igiyar ruwan da hancin jirgi ke turawa, kyauta yake samun tafiya, in ya zo ka riƙe hanyarka da gudunka kada ka yi kwana don ka bi shi. Ayu kuwa na Fulorida, da yake a hankali yake tafiya a ruwa mara zurfi, kusan duk babban da ka gani akwai tabon farfela a bayansa, har da tabon masu bincike ke gane wane ne wane.

Amma wanda ya fi ba ni tausayi ba wanda aka buge bisa tsautsayi ba ne, wanda ya saba da mu ne. Sabo turken wawa. Akwai wani ɗan orka da aka sa wa suna Luna, ya ɓace wa garkensu ya ɓulla shi kaɗai a wani lungun ruwa na tsibirin Bankuba a Kanada a 2001 yana ɗan shekara biyu. Dabbar garke ce ga kaɗaici, sai ya mayar da jirage 'yan uwansa, yana gogar jikinsu, yana tura kwale-kwale, yana kawo kai a shafa, mutane na tururuwar zuwa. Gwamnati ta hana taɓa shi har da tara, a 2004 ta yi yunƙurin kama shi ta mayar wa danginsa, 'yan asalin yankin suka ƙi don sun yi imani ruhin sarkinsu da ya rasu ne ya dawo, suka fito da kwale-kwalensu suna waƙa suka janye shi daga tarkon. Ranar 10 ga Maris 2006 ya je wasa gindin wani jirgi mai jan kaya kamar yadda ya saba, farfela ta ja shi.

Sai Freya, wata walras, dabbar nan mai kitse da gashin baki da hauru biyu, nauyinta kilo 600, da ta iso ruwan birnin Oslo na Norwe a bazarar 2022. Ita dai wurin shan rana take nema, sai ta riƙa hawa kan ƙananan jiragen mutane da ke ɗaure tana kwanciya, wasu suka lotse wasu suka cika da ruwa. Ba ta ciji kowa ba. Jama'a suka yi ta dafifi, ana matsowa dab da ita da yara a hannu don hoto, wasu na iyo kusa da ita, hukuma ta yi gargaɗi ta sake yi ba a ji ba. Ranar 14 ga Agusta da sassafe hukumar kula da kamun kifi ta ƙasar ta harbe ta, ta ce ba za ta iya lamunce tsaron mutane ba. A watan Afrilun 2023 aka kafa mutum-mutuminta na tagulla a bakin ruwan Oslo, tana kwance a gefe guda kamar mai barci, da kuɗin da jama'a suka tara ta intanet.